Matambayi Ba Ya Ɓata: Za mu Zanzibar, ya za mu yi da kanmu da kayanmu?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan abu guda, wato tafiya tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, da alama dai yanzu can angwaye da amare suka sa wa ido, har da iyalai masu son fita da yara lokacin hutu. Na zaɓo guda biyar waɗanda na ga amsarsu za ta amfani kowa, sauran ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya ta farko daga wani ango ce a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina:

"Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, an sa bikina bayan Sallah kuma na riga na yi wa amarya alƙawarin zan kai ta Zanzibar mu yi sati ɗaya. To ni wallahi iyakacina Kano da Abuja sai Maraɗi, ita kuma ko jirgi ba ta taɓa hawa ba. Wani abokina ya tsorata ni wai ana kwashe wa baƙi kaya a bakin ruwa, wani kuma ya ce ai garin Musulmi ne in saki jikina kawai. Wanne zan ɗauka? Kuma kuɗin da zan tafi da su ya zan yi da su?"

Ango, Allah ya sanya alheri ya ba da zaman lafiya. Abokanka duka biyu gaskiya suka faɗa maka, amma na biyun shi na fi jin tsoro. Zanzibar garin Musulmi ne sosai, za ka ji kiran sallah ta ko'ina, za ka ga mata da hijabi da maza da farar jallabiya da hula, za a yi maka sallama a amsa maka, har wasu kalmomin nasu na Suwahili sai ka ji kamar Hausa saboda mu da su duk mun ara daga Larabci, sabulu su ce sabuni, labari su ce habari, littafi su ce kitabu. To nan ɗin ne jikin mutum yake mutuwa. Sai ka ji kamar a Ƙofar Soro kake, ka ajiye waya a kan tebur ka tafi wanke hannu. Ai ko a babbar kasuwar Katsina da kowa ke sallah ba ka barin shago a buɗe ka tafi masallaci sai ka ce wa maƙwabci ya duba maka, to me zai sa ka yi haka a garin da ba ka san kowa ba? Mutanen wurin akasarinsu masu mutunci ne da son baƙo, wannan na shaida, amma duk inda baƙi ke taruwa da kuɗi a aljihu to akwai masu zaman jiran shagalarsu. Kuma yawancin satar can ba ta ƙarfi ba ce, ta shagala ce. An ga ka ajiye, an ga hankalinka ya tafi wani wuri, an ɗauke.

Kafin ma mu zo kan ɓarawo bari in faɗa maka inda ake fara cutar mutanenmu, tun a gida ne, wajen takardu. Mai fasfo ɗin Najeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ka nema tun kana gida ta shafin hukumar shige da ficensu ka jira a amince, kuma abin yana ɗaukar lokaci, don haka kar ka yanki tikiti sai biza ta fito. Duk wanda ya ce maka kawo kuɗi in ka sauka akwai mutuminmu a can zai shigar da ku, rabu da shi. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙo ya sayi inshora daga kamfanin inshorar gwamnatinsu, dala 44 ga babban mutum, ana biya ta intanet, ka tabbata a shafinsu na gaskiya ka biya ba a wani mahaɗi da aka turo maka ta WhatsApp ba. Sai katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, tunda daga Najeriya ka fito za a iya tambayarka shi, ka je ka yi allurar da gaske kai da amarya, kar ka sayi kati a hannun ɗan tsakani.

Duk waɗannan takardu, fasfo da biza da tikiti da inshora da takardar otal, ka yi musu fotokwafi kashi biyu, ka kuma ɗauke su hoto ka tura wa kanka a imel, ka tura wa wani ɗan'uwanka da ka yarda da shi a nan gida. Idan kun isa, ainihin fasfo ya zauna a ɗaki a kulle, kwafin ne zai riƙa yawo da ku.

Yanzu maganar kuɗi, a nan zan ɗan daɗe. Mu mutanen kasuwa mun saba da damin kuɗi a aljihu, a zaro a ƙirga a gaban kowa a mayar, a wurinmu ba komai ba ne. Can kuma babbar takardar kuɗinsu shilin 10,000 ce, kuma ba ta kai dala 5 ba, ka ga kenan kana canza dala 100 za a miƙo maka abin da zai kumbura aljihu. Ni abin ya taɓa faruwa da ni, zuwana na farko. Da yamma bayan magariba akwai wani fili a bakin ruwa cikin tsohon gari, Forodhani, inda masu abinci ke jera tebura da fitilu, gasasshen kifi da tsire irin nasu da ruwan rake da ake matsewa a gabanka a sa citta da lemun tsami. Na tsaya sayen ruwan raken nan sai na zaro duk abin da na canzo ranar na zare ɗaya na biya, na mayar da sauran aljihun gefe na kaftani. Ban yi taku ashirin ba aka ɗan matse ni a cikin mutane, wani ya ce samahani, wato yi haƙuri, na ce ba komai. Sai da na zo biyan mai kifi na sa hannu na ji wayam. Abin da ya cece ni wayata tana aljihun 'yar ciki ta ƙirji, sauran kuɗin kuma suna masauki. Har yau ina tuna yadda gabana ya faɗi, kuma har yau in na ga mutum a filin jirgi da kaftani aljihun gefe ya yi nauyi sai in ji kamar in je in yi masa magana. Aljihun nan namu baki buɗe yake, yana lilo nesa da jiki, ko an sa hannu ba za ka ji ba. Ka kai wa telanka ya ɗinka maka aljihu mai zif a cikin wando ko a 'yar ciki, aikin rabin awa ne.

Ka raba kuɗinka gida uku. Na kashewar yau kaɗan a aljihun da hannu ke saurin kaiwa, ƙananan takardu, wanda ko an ɗauke ba zai hana ka barci ba. Kashi na biyu a jikin amarya, ita ma a ɓoye. Babban kason a masauki. Manufar ita ce kar a taɓa yi maka ɗauka ɗaya ta tsayar da tafiyar gaba ɗaya. Dalar da za ka saya a wajen 'yan canji ka ce a ba ka sababbi masu tsabta, domin can suna ƙin tsofaffin bugu da masu yagewa ko rubutu. Canji kuma a banki ko shagon canji mai lasisi, a ba ka rasit, kar ka bi mai cewa zo lungu zan ƙara maka farashi. Katinka na banki ka je reshenku tun kafin tafiya ka tambaya ko zai yi aiki a waje da nawa ne iyakarsa, kar ka dogara da shi kaɗai, musamman in za ku kwana a ƙauyukan bakin teku inda na'urar cire kuɗi ba ta da yawa. In kuma abin da za ka fita da shi ya haura dala 10,000 doka ta ce sai ka bayyana wa kwastam.

A ɗaki, yawancin otal suna da ɗan akwatin ƙarfe mai lamba a cikin kabad. Ka sa lambarka da kanka, ka gwada rufewa da buɗewa sau biyu kafin ka zuba komai, ka kuma girgiza shi ka ga ko a ɗaure yake da bango. In babu, ka kulle cikin babbar jakarka da kwaɗo. Ɗakunan bakin teku da yawa irin masu rufin ganyen kwakwa ne, da baranda da taga mai faɗi, iska na shiga kana jin daɗi sai ka bar taga a buɗe ka yi barci waya tana caji a bakinta. Kar ka yi. Caji can ƙuryar ɗaki, ƙofar baranda a kulle.

Sai masu bin baƙo. Su kansu mutanen garin suna ce musu papasi, ma'anarta kaska, kai ma ka san in kaska ta kama jikin sa. Zai tare ka da fara'a, ya ce ɗan Najeriya ne kai? ya kira maka sunan ɗan ƙwallo, in ya ga hula ya yi maka sallama da Larabci mai kyau, ya bi ka yana nuna maka hanya ba ka tambaye shi ba, ƙarshe ya ce ka biya shi ko ya kai ka shagon da za a ninka maka kuɗi a ba shi la'ada, ko ya karɓi kafin alƙalami na yawon kwale-kwale gobe da safe ka fito babu shi babu dalilinsa. Ba dukkansu ne macuta ba, wasu neman na tuwo suke. Matsalar tamu ce, kunya. An tarbiyyantar da mu ba a gwale wanda ya yi maka sallama, sai mutum ya kasa cewa a'a har a kai shi inda bai yi niyya ba. Ka amsa sallama, ka ce hapana asante, wato a'a na gode, ka ci gaba da tafiyarka ba tare da ka tsaya ba. Ba rashin mutunci ka yi ba. Duk yawon da za ku yi, gonar kayan ƙamshi ne ko tsibirin Changuu wajen manyan kunkuru ko dajin Jozani, ka shirya ta hannun masaukinku ko ofishin da ke da mazauni wanda in an samu matsala ka san inda za ka koma.

Abin da abokinka na farko ya faɗa kuwa, na bakin ruwa, maganinsa ɗaya ne: abin da ba za ka iya shiga ruwa da shi ba kar ka fito da shi daga ɗaki. Ku biyu ne kawai, kuma amarci ne, ba wanda zai so ya zauna gadin jaka ɗaya yana cikin ruwa, na sani. Lulluɓe jaka da tawul kuma ba ɓoyo ba ne, nan ne farkon inda ake dubawa. Ku fito da waya ɗaya a cikin 'yar jakar roba da ruwa ba ya shiga wadda ake ratayawa a wuya, da ɗan canji, makulli ku bar shi wajen masu karɓar baƙi, shi kenan.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce a Daura:

"Malam ina wuni. Ɗiyata ce mijinta zai tafi da ita da yaransu biyu, ta ce sai ta tafi da sarƙarta ta gwal da awarwaro don ɗaukar hoto. Na hana ta ta ce tsoro ne irin namu na tsofaffi. Don Allah ka yi mata magana ko ta ji naka."

Hajiya ina gaishe ki, kuma gaskiya tana wajenki. Ƙanwata, ki ji maganar mahaifiyarki. Gwal ɗin nan a wurinmu ba ado ba ne kaɗai, ajiya ce, shi ne abin da mace ke juyawa ranar da ta shiga matsi, wata ma gadon uwarta ne. Ki ɗauke shi ki kai shi inda za ki yi ta cirewa kina sawa, a cire don wanka a cire don shiga ruwa a manta a kan madubin banɗaki mai shara ta shigo, in ya ɓata ma ba ki san wa za ki zarga ba, sai ki ɗauki alhakin wanda bai ji ba bai gani ba. Ki sayi na kwalliya mai arha, a hoto babu mai bambancewa, amma shi ma kar ki sa mai ɗaukar ido ki shiga kasuwar Darajani da shi, domin mai fizga ba ya tsayawa gwaji, wuyanki zai ji ciwo ko da na ƙarya ne. In har akwai ɗan abin da dole sai kin tafi da shi, to a jakar hannu da za ki shiga jirgi da ita, ba a akwatin da za a auna a jefa ƙasan jirgi ba, musamman tunda daga Kano ko Abuja sai an sauya jirgi a hanya, galibi a Adis Ababa, kaya suna bi ta hannu da yawa.

Maganar hoton ma ina da abin cewa. Ana zuwa a ɗora sitatus ga sunan otal ga lambar ɗaki a jikin makulli ga tikiti an ɗauka baro-baro, kin faɗa wa na can inda kike, kin kuma faɗa wa na nan cewa gidanki na Daura babu kowa har sati. Da halin da muke ciki a jihar nan na masu satar mutane, bai kamata a riƙa shelar wane ya fita waje da iyali ba. Ki tara hotunanki, in kun dawo lafiya ki ɗora duk yadda kike so.

Tsohon garin, wanda suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town, wuri ne mai kyau ƙwarai, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ga ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Amma lungunansa matsattsu ne sun fi na cikin birni, mota ba ta shiga yawancinsu sai babur da keke, kuma duk kama ɗaya suke, cikin minti biyar kin ɓata. Da rana ɓata a can ba komai ba ne, kowane lungu ƙarshensa ko teku ko babban titi. Da dare ne ban yarda ba. Jaka ki rataya ta ta ƙetare ƙirji a ƙarƙashin hijabi, wannan ma wata ni'ima ce ta suturarmu, waya kuma in za ki duba taswira ki shiga shago ko ki jingina da bango, kar ki riƙe ta a bakin hanya babur na wucewa. Yawo a rairayin bakin teku bayan duhu, inda babu fitila babu mutane, ku bar shi kwata-kwata ko da maigidan yana tare da ke, a irin wuraren nan ne ake samun ƙwace da makami. Tasi ku sa masauki ya kira muku, a yi ciniki kafin a shiga. Yaran kuma ki rubuta sunan masauki da lambar babansu a 'yar takarda ki sa musu a aljihu, sannan ki kula da su wajen tsallaka titi, can ta hagu ake tuƙi, idonmu ya saba duba ɗaya ɓangaren. Af, kar ki cusa baƙar leda a kaya, Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun Yunin 2019.

Ta uku, daga wani matashi a Ƙofar Marusa, ya ce shi ta Darussalam, birni mafi girma a Tanzaniya, zai bi don tikitin ya fi sauƙi, daga nan ya hau jirgin ruwa, yana tambaya ko akwai matsala.

Babu matsala ɗan'uwa, jiragen masu gudu kusan awa 2 suke yi zuwa Unguja, wato babban tsibirin. Wajen tashar ne sai ka buɗe ido, ta fi tashar mota ranar jajibirin Sallah hayaniya. Tun kafin ka fito daga tasi wani ya kama jakarka, wani yana cewa tikiti ya ƙare zo ga wani ofishi nan baya. Kar ka saki jaka, kar ka bi kowa, ka shiga ainihin ofishin kamfanin ko ka saya a shafinsu tun da wuri, in kana son ɗan dako ku yi ciniki tukuna kuma kana biye da shi. Fasfo ya kasance kusa domin duk da ƙasa ɗaya ce tun haɗewar Tanganyika da Zanzibar a 1964, tsibirin yana da gwamnatinsa kuma ana duba takardu in an sauka.

Wani abu da ke sa baƙo ya rasa jirgi shi ne lissafin lokacinsu. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, wato awa ɗaya, don haka in direba ya ce maka zai zo ƙarfe biyu ta yiwu 8 na safe yake nufi. Ka sa ya nuna maka a fuskar waya. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa 2.

Kuma ka hau jirgin kamfanin da aka sani kawai. A Satumban 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da tsibirin Pemba saboda lodin da ya wuce kima, ɗaruruwan mutane suka rasu, a Yulin 2012 kuma wani mai suna Skagit ya kife a hanyarsa daga Darussalam. An ƙara tsaurara doka bayan nan, amma kai dai in ka ga an cika kwale-kwale ko babu rigar kariya daga nutsewa, sauka, a bar kuɗin.

Ta huɗu gajeruwa ce, wata baiwar Allah ce daga Sabuwar Unguwa: "To in Allah ya ƙaddara an yi satar fa?"

Ƙanwata, in da makami aka zo ki miƙa, kar ki ja, waya ana sayen wata. In kuma fizga aka yi a kasuwa, ki yi tunani kafin ki ɗaga murya. Kalmar ɓarawo a can mwizi ce, kuma kamar nan gida, in aka yi ihunta jama'a na iya rufar wa mutum da duka har ya rasa ransa, wani lokacin ma ba shi ba ne. Ba na so ki dawo da nauyin rai a wuyanki saboda waya. Ki koma masauki, su raka ki ofishin 'yan sanda su yi miki tafinta, ki karɓi rahoto a rubuce mai hatimi, lambar gaggawa 112 ce. Da rahoton nan za ki nemi haƙƙinki wajen inshora, da shi kuma za ki je ofishin jakadancin Najeriya da ke Darussalam in fasfo ne ya tafi, su ba ki takardar gaggawa ta komawa gida, a nan ne kwafin da na ce a yi zai yi rana. Ki kira banki a rufe kati da manhajar waya nan take, ki sa a toshe layinki, domin yanzu wanda ya samu layinki kamar ya samu makullin asusunki ne. Tun kafin tafiya ki danna *#06# lambar wayarki ta IMEI za ta fito, ki rubuta a takarda tare da lambobin mutum uku na gida, mu yanzu ko lambar mahaifi ba mu haddace ba duk tana cikin wayar. Ki sa wa layin ma lambar sirri, ba fuskar wayar kaɗai ba.

Ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wani yaro ne ɗalibi daga Batagarawa ya rubuto, za su je da abokai, ya ce shi ba ya jin komai don tun yana ƙarami yake iyo a dam ɗin Ajiwa, tambayarsa kawai ina zai ajiye waya in zai shiga.

Ɗana, amsar waya tana sama. Ni kai nake ji, ba wayar ba. Duk abin da muka yi ta faɗa tun ɗazu na dukiya ne, ana mayar da ita. Mu mutanen tudu ne, ruwan da muka sani a kwance yake, Ajiwa da Zobe da Sabke ba sa tafiya ba sa dawowa. Teku kuwa tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana matsawa da kusan minti 50, na jiya ba shi ne na yau ba. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, in ta janye sai ka ga fili fari fat har iya ganinka, mata suna can ciki sun duƙa suna aikin ciyawar teku da suke shukawa a jikin igiya, sai ka ce bari in taka in je can wajen da igiyar ruwa ke fashewa. Ka yi ta tafiya kana ɗaukar hoto ruwa iya idon sawu. In ta juyo ba ta gabanka kaɗai take zuwa ba, ƙananan kwari da ka tsallako a baya su suke fara cika, ka waiwayo ka ga tsakaninka da tudu ruwa ne har ƙirji kuma yana ja. Cikar ta fi ƙarfi a farkon wata da kuma tsakiyarsa, daren 14 da 15, ka ga lissafin watanmu na Musulunci zai yi maka amfani a nan. Kowane masauki ya san lokacin cika da janyewa na ranar, wasu ma a allo suke rubutawa, ka tambaya kafin ka sa ƙafa. In ka ga matan nan sun fara ɗaure kayansu suna fitowa, kai ma ka fito.

A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan bai cika janyewa da nisa haka ba, shi ya sa aka fi yin wanka a can, amma kuma yana saurin yin zurfi ga kwale-kwale masu inji suna kai da kawo. Kar ka shiga kai kaɗai, kar ka shiga da dare, kar abokai su zuga ka ka yi tsalle daga saman jirgi ko daga katangar Forodhani don ka ga yaran garin suna yi, su a ciki aka haife su sun san inda dutse yake. In ka ji ruwa yana jan ka ciki kar ka yi kokawa da shi kai tsaye, ƙarfinka zai ƙare, ka kwanta a bayanka ka ɗaga hannu, in za ka yi iyo ka yi ta gefe har ka fita daga inda yake ja. Ka sa takalmin roba saboda akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya a ƙasan ruwan, in ka taka ƙayar tana karyewa a cikin ƙafa. Ranar yawon kwale-kwale kuma rigar kariyar nan ka sa ta ka ɗaure igiyoyinta tun kafin a tashi, ko da duk abokanka sun ajiye tasu, in ma ta yi maka yawa ka ce a canza maka. Watannin Maris zuwa Mayu lokacin manyan ruwan samansu ne, in matuƙi ya dubi sama ya ce yau ba fita, kar ku ƙara masa kuɗi don ya fita.

Ka nuna wa abokan naka wannan shafin kafin ku tafi, kuma don Allah in kun dawo ka rubuto mini in ji kun iso gida lafiya.